Gayyar Baban Mode

Na karanta duk abin da kuka rubuto mini bayan kashin da ya wuce. Wasu na cewa in riƙe Abdulaziz hannu bibbiyu don irinsa ba su da yawa, wata baiwar Allah kuma ta ce na cika yabon kaina. 'Yar'uwa, yau hankalinki zai kwanta, domin abin da zan ba ku babu yabo ko na anini a ciki. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na ce gara in faɗa yadda ya faru kawai.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Safinatu, 'yar Bodinga ce ni, kuma ni ke jagorantar masu rubuta manhaja a wani ɗan kamfani da ke nan garin. Manhajar ta manoman albasa ce, tana nuna musu farashin kasuwanni tana haɗa su da masu saye. Mu huɗu ne: ni, da Nusaiba mai goyo, da Bala, sai Mode ɗan Horo Birni. Manajanmu shi ne Abdulaziz, wanda ke zuwa kullum daga Sakkwato. Shi ne kuma mutumin da ke sallama da ni a ƙofar gidanmu duk yammacin Lahadi. Eh, na sani. Kun sha faɗa mini haɗarin abin.

Akwai dokar da na kafa tun bara, lokacin da Nusaiba ta yanke jiki ta faɗi a ofis da tsohon ciki saboda aikin da ba hutu. Na tsaya kai da fata sai da aka yarda: kafin magariba kowa yana gidansu, Asabar da Lahadi ba aiki, kuma duk wani sabon abu da manya ke so sai ya biyo ta kaina, ba a kiran yarana kai tsaye. Na yi faɗa da Abdulaziz a kan dokar nan tun kafin ya san hanyar gidanmu, har yakan ce a wurin faɗan ne na fara burge shi. Ina alfahari da ita ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyarta Mode ne. Tun da aka fara girbi, duk Juma'a da yamma sai ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi Horo Birni, Asabar ya wuni a gonar wani. A garinsu haka ake gayya: samari su haɗu su yi wa gida ɗaya aiki, mako na gaba su koma wani gidan, kuma wanda bai je ta mutane ba kada ya sa ran a zo tasa. Litinin yakan dawo da hannu duk kanta, Bala yana tsokanarsa wai yatsun nan sun fi ƙarfin madannin kwamfuta. Shi kuwa sai dai murmushi. Ya zaga gidaje da yawa yana tara wa babansa rana. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfin tsohon, Mode ne babban ɗa, sauran duk mata ne ƙanana. An riga an girbe geron yana kwance a ƙasa, saura yanka da ɗauri da kai wa rumbu, gara kuma ba ta san a jira ba. Ranarsu ta faɗo Asabar ɗin da ta gabata. An raba goro, an jiƙa geron fura. Ya roƙe ni Alhamis da Juma'a don ya je ya shirya, na ce masa ya ɗauka kamar ya tafi.

Sai Lahadin da ta zo kafin nan.

Ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, cikin atamfata mai ruwan ganye da na ɗinka don bikin ƙawata, Gwaggo Asabe ta ɗaga labule. Yayar Baba ce, kuma tun da aka ce baffannin Abdulaziz za su zo gaisuwa ta tattaro kayanta daga Sifawa ta tare a gidanmu, wai kada a yi abin kunya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mini mayafi, ta shafa mini humrarta a wuya ba tare da ta tambaye ni ba.

"Sahina, zauna in hwaɗa maki. Bakin ga naki shi yak kori na hwarko. Namiji in shina magana cikin zaure, ki bari shi kai aya. Gardama ki aje ta can ga ofishinku, nan gida na."

Na ce to, Gwaggo. Maganar ta yi mini zafi don akwai gaskiya a ciki. Na kusa talatin, ƙannena biyu suna ɗakunansu, kuma wancan na farkon da take nufi lallai musu ne ya raba mu. Inna tana zuba kunun aya a jug, amma na ga yadda ta gyaɗa kai.

Abdulaziz yana zaune a kan darduma cikin shadda ruwan toka, ƙamshin turarensa ya cika zauren. Na durƙusa na gaishe shi na ajiye tire. Mutumin da nake yi wa tsawa-tsawa a ofis, a nan ko idonsa ba na iya kallo, ko sunansa ba na faɗa. Muka taɓa hira. Ya ce baffanninsa sun tsayar da Asabar, ya ce Hajiyarsa na tambayar kalar da na fi so, ya tsokane ni a kan lallen da aka yi mini wai ya fi na amare. Ina jin motsin Gwaggo a bayan ƙofar zaure, ta kawo kujera 'yar tsugunno tana tsinke zogale, aikin da ba a taɓa yinsa a wurin ba tun da aka gina gidan.

Daga nan ya gyara zama ya ce akwai wata 'yar magana. Masu zuba wa kamfanin jari sun ga manhajar, sun yaba, amma suna so ta riƙa magana da baki, da Hausa da Fulatanci, saboda manoman da ba su yi boko ba. Kuma za a ƙaddamar da ita a garin Shagari a gaban manoma.

"Yaranki za su iya gamawa kahin Litinin ta sama?"

Wallahi da a ofis ya yi mini tambayar nan, dariya zan fara yi. Aikin wata guda ne har da ɗoriya, kuma kusan dukkansa a wuyan Mode zai sauka, don shi ya gina wannan ɓangaren kuma shi kaɗai ke jin Fulatanci. Na san haka sarai. Gayyar ma ta faɗo mini a rai a daidai lokacin, kada ku ce mantawa na yi. Amma Gwaggo ta yi ɗan tari a bayan ƙofa, shi kuma yana kallona da fuskar mutumin da ya yarda da ke, saura 'yan kwanaki manyansa su zo. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen hannuna.

Na ce, "In sha Allahu za su iya."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce ya san ba zan ba shi kunya ba. Da na shiga gida Gwaggo har da shafa mini kai, ta ce yau ta ga alamar hankali ya fara zuwa.

Ranar Litinin na tara su na ce an ce manhaja za ta yi magana, an ce Litinin mai zuwa, an ce babu ɗagawa. Kun ji yadda na yi ta jera "an ce", kamar daga sama saƙon ya faɗo. Bala ya riƙe kai. Nusaiba ta zuba mini ido tana jiran ta ga na ɗauki mayafi na nufi ofishin manaja kamar yadda na saba, sai ta ga na jawo kwamfutata na buɗe. Mode ya jira sai da sauran suka watse, sannan ya matso ya rage murya.

"Anti, gayyar hwa?"

Na ce ya bari mu ga yadda makon zai kasance. Ni da shi duk mun san abin da hakan ke nufi.

Makon nan ban ga wanda ya tashi kafin isha ba. Batirin sola ya ƙare a tayar da janareta, janareta ya yi zafi a koma batir. Mijin Nusaiba ya dinga kira, ƙanwarta na kawo mata jaririn a goye ta shayar da shi a bayan kabad ta mayar. Bala idonsa ya yi jawur. Ni kuma na koma mai sayen abinci: yau shinkafa da wake, gobe tsire, jibi fura mai sanyi, ina ta tura musu a gaba kamar hakan zai wanke ni. Suna ta godiya, godiyar tana ƙona ni. Na ce wa Mode ya ba ni rabin aikinsa. Ya ba ni don kada ya musa mini, na wuni ina dagulawa, washegari sai da ya ɓata safiyarsa yana gyara ɓarnata.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Saƙonnin Abdulaziz duk a wuri ɗaya suke shigowa. "Kin ci abinci, gimbiya?" Kafin in amsa: "Ina aka kwana kan muryar Fulatancin?" Sai hoton wani leshi ruwan zuma: "Hajiya ta ce ko wannan?" Sai kuma: "Ki ɗan ƙara matsa musu." Ina amsa na leshin da 'yar fuskar murmushi, na aikin kuma in ce ana kai.

Ranar Laraba na hango Mode ta taga a ƙarƙashin darbejiya, waya a kunne, ya durƙusa kamar babansa na gabansa. Ya daɗe. Da ya dawo ya wanke fuska ya zauna ya ci gaba da aiki. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar.

Alhamis da azahar na zagaya bayan ofis zan yi alwala, sai na ji muryar Nusaiba ta ɗaya gefen katangar. Tana cewa ita fa ba ta gane mini ba, tun da maganar aure ta shigo na yi laushi. Na tsaya cak da buta a hannu. Da ma ta ci gaba da zagina, da ya fi mini sauƙi. Mode ne ya katse ta.

"Haba Nusaiba, ki ji tsoron Allah. Anti ta tat tsaya muna tun bara. Ke kin san irin hwaɗan da tay yi da oga kan wagga magana kahin ta zo ta hwaɗa muna? In da da yadda za ta yi, da ta yi. Dubi yadda tar rame."

Faɗan da na yi. Ni da na durƙusa a zaure ina kallon lalle. Na ajiye butar a hankali, na ji na tsani kaina yadda ban taɓa ji ba. Na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba, na shafa, na wuce ofishin Abdulaziz ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

Na faɗa masa komai a tsaye: aikin ba zai gamu ba, ko ya gamu a karye zai fito, yara sun gaji, Mode na da gayya jibi. Ya ajiye biro yana kallona kamar bai san ni ba. Ya ce to me ya hana ni faɗa tun ranar Lahadi? Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ashe masu jarin rana biyu suka ba shi ya zaɓa, wannan Litinin ko bayan wata guda. Ya ce musu sai ya tambayi shugabar masu aikin. Da ya fita daga zaurenmu, a cikin mota ya kira su ya ce ya zaɓi ta kusa.

"Tambayarki niy yi, Safina, ba umurni nib ba ki ba. Da kin ce a'a, da wata mai zuwa za a yi."

Na ce, "A zaure kat tambaye ni."

"To mi ne bambancin? Ni Safina guda nis sani."

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa a Sakkwato aka haife shi ba a wata ƙasa ba, ya san sarai babu budurwar da za ta ce wa manemi a'a a zauren ubanta, gwaggonta na bayan ƙofa, ana saura kwanaki a kawo gaisuwa. Na ce in da amsar ma'aikaciya yake so, ga ofis nan, kullum muna ciki. Na ga maganar ta shige shi. Amma ni ma ta shige ni, don duk abin da na ɗora masa, bakin da ya amsa nawa ne.

Ya ce yanzu bakin alƙalami ya bushe. An kama ɗakin taro a Shagari, an gayyaci hakimai da shugabannin manoma, an sanar cewa manhaja za ta yi magana, kuma babban baffansa, wanda zai jagoranci masu zuwa gidanmu, shi ne babban baƙo. Na ce a ƙaddamar da ita yadda take, muryar ta biyo baya, yarana dai yau kafin magariba suna gida, kuma ba mai dawowa sai Litinin. Ya ce so nake ya tsaya gaban baffansa ya zama maƙaryaci? Na ce ya gaya musu laifin shugabar masu aikin ne, ai ba ƙarya ya yi ba. Na juya zan fita.

"Ki yi tunani dai," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Jibi Asabar."

Ban san ko roƙo ne ko gargaɗi ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Na koma na ce kowa ya kashe kwamfuta. Bala bai jira an maimaita ba. Nusaiba ta rungume ni tana ba ni haƙuri a kan abin da ba ta san na ji ba. Na ce wa Mode ya hau babur yanzu, zai kai Horo Birni da sauran rana. Ya yi ɗan murmushi yana naɗe wayar caja. Ya ce ai tun jiya babansa ya aika gida-gida cewa an fasa. Tsohon ya ce ba zai tara 'ya'yan mutane cikin rana ba alhali nasa ɗan na zaune ƙarƙashin fanka, abin da za a yi ta faɗa da shi ke nan har ya mutu. An ba wani gida ranar, kuma sauran Asabar ɗin duk da masu su.

Ya ce duk da haka zai tafi, ko shi kaɗai ne ya rage wani abu. Ya ce ya ji muryata daga ofishin oga, Allah ya saka. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, kalmomin na nan a kan harshena. Na ce ya gaida gida. Ba kunya ce ta hana ni ba wannan karon, tsoro ne. Ina tsoron yadda zai dube ni.

Juma'a ta zo ta wuce, ko "barka da Juma'a" Abdulaziz bai turo ba. Ina ganin alamar yana kan waya, in fara rubutu in goge. A gida kuwa ban gaya wa kowa komai ba. Asabar tun da safe Gwaggo ta tayar da gidan: an share zaure an shimfiɗa sabbin dardumai, an kunna turaren wuta, Inna na bakin tanda tana suyar masa, miyar taushe na tafasa, ƙannena sun zo da 'ya'yansu ana ta hayaniya. Aka sa ni na saka leshin da Hajiyarsa ta aiko. Ina zaune bakin gadon Inna kamar baƙuwa, ban san ko masu zuwan za su zo ba.

La'asar ta yi, ba kowa. Gwaggo ta fara leƙa zaure tana dawowa tana cewa manya ba su da sauri. Sai wayata ta yi ƙara. Na zabura, na ɗauka shi ne. Mode ne.

Hoto ya fara turowa. Gona ce mai faɗi, gero kwance layi-layi har inda ido ya tsaya, a gefe ɗaya 'yan dammuna da ba su taka kara sun karya ba. Ga ƙannensa mata biyu da wuƙaƙe, ga wani tsoho zaune a kan kara ya miƙe ƙafa ɗaya yana yanka daga zaune. A ƙasa ya rubuta: "Anti, Baba na son ya gaishe ki." Sai saƙon murya. Na danna, ban lura wayar a buɗe take ba, muryar ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum, ɗiyata. Mode ya hwaɗa mani yadda kit tsaya mai gaban manya. Kak ki sa damuwa ga ranki. Muna yankan abin da yas samu, wanda gara tac ci kuma rabonta na. An ce mani yau za a zaka neman aurenki. Ni ba ni da abin ba ki sai addu'a. Allah shi yi maki yadda kiy yi muna."

Inna, da ta shigo ɗaukar faranti, ta tsaya ta ce amin, amin, wane bawan Allah ne wannan? Gwaggo ta ɗaga hannu ta shafa, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, tsoho na yi maki addu'a ran gaisuwarki, ba ki iya cewa amin?"

Na sunkuyar da kai. Suna tsaye a kaina su biyu suna jira, ni kuma ina kallon tsohon nan da miƙaƙƙiyar ƙafarsa a cikin waya. Muna haka muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da Baba. Muryar mutum ɗaya ce, kuma ba ta dattijo ba ce, ta Abdulaziz ce.